Buhun da Na Ba Gwaggo Asabe Kafin In Tafi Gana

Tun da na dawo daga Gana ba a bar ni na huta ba. A wurin aiki a tare ni, a gidan suna a tare ni, har a wurin niƙa wata ta riƙo min mayafi wai sai na faɗa mata ko gaskiya ne can ba a ɗauke wuta. Kowa sai in ce masa lafiya lau, hanya ce dai da nisa, in shige. Abokiyar aikina Sista Binta ce ta ce in daina wannan rowar baki, in zauna in rubuta kowa ya karanta. To ga shi. Amma mai jiran labarin teku da dogayen benaye ya yi haƙuri, ban kalle su da idon kirki ba.

Sunana Jummai, ni ce mai ajiyar katunan marasa lafiya a wani ƙaramin asibitin ƙungiyar gari a ƙasar Rogo. Masu tallafa mana da magani ne suka ce a tura mutum biyu Accra a koya musu yadda ake kare bayanan jama'a, tunda yanzu an yi doka a kai. Aka zaɓe ni da Malam Nasiru mai gwaje-gwaje, mutumin Daura ta Ƙaraye. Da aka faɗa min dariya na yi. Shekara tara ina riƙe da katunan nan ko ɗaya bai ɓata ba, sai yanzu a Gana za a koya min riƙon takarda?

Kafin mu hau hanya sai na gaya muku abu biyu.

Akwai wata dattijuwa da zan kira Inna Laraba, ta wajen Zoza. Ba sunanta ke nan ba, garin ma na gusar da shi, sana'ar ma na ɗan karkata ta. Mijinta ya rasu, da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take riƙe da gida. Gwaji ya nuna tana da tarin fuka, aka ɗora ta a kan magani, kuma tuni likita ya ce ta wuce matakin shafa wa wani. In za ta zo karɓar magani da ƙwaryar ƙulinta take zuwa, kamar talla ya kawo ta. Ranar farko ta kama hannuna a bayan ƙofa ta ce, “Jummai ’yata, abin da nake sayarwa a baki ake sa shi. Ranar da aka ji ina da wannan tarin, ko kyauta na bayar ba mai karɓa. Ki rufa min asiri.”

Na ce, “Inna, in dai ta wurina ne, ba mai ji.”

Na biyu kuwa al'adarmu ce. Duk gwaji takarda biyu ake cikewa, ɗaya a sa a kati, ɗaya a jefa a kwali. In kwalaye suka cika ɗaki sai mu ɗura a buhu mu ba Gwaggo Asabe mai ƙosai a bakin asibiti, ta riƙa naɗe wa masu saye. Haka na tarar ana yi, kuma alheri muka ɗauke shi. Saura kwana uku in tashi na ce kada in bar wa Binta datti, na share ɗakin tas, na cika buhu guda na ja shi da kaina har gaban kaskon Gwaggo. Ta yi ta sa min albarka. Takardar gwajin Inna Laraba tana cikin buhun nan. Ku kun sani tun yanzu, ni kuwa haka na hau mota ina jin kaina mai tsafta.

Daga Rogo muka biya Ƙaraye muka ɗauki Malam Nasiru, sai Kano, sai jirgi zuwa Legas. Hawana na farko ke nan. Malam Nasiru sau ɗaya ya taɓa hawa, amma ya yi ta min bayani kamar shi ya ƙera jirgin. Da jirgin ya ɗan girgiza a sama na ji bayanin ya ɗauke, na waiga na tarar da shi ya runtse ido yana salati ya fi ni ƙarfin murya.

A Legas muka kwana, da sassafe muka shiga doguwar mota mai sanyi kamar firij. Iyaka uku ke gabanmu, ta Benin, ta Togo, ta Gana, kowace sai an sauka, an bi layi, an nuna katin rigakafi. A ta farko na yi abin kunyata na farko. Kwandasta ya dawo da fasfo ɗinmu a tare a hannu, ya tsaya yana ta juya su ya rasa ta inda zai fara. Aikina ne ya motsa. Na miƙe na karɓe su, na tsaya a tsakiyar mota ina buɗewa ina kiran suna. Da na zo kan mata biyu masu suna kusan iri ɗaya, sai na haɗa da shekarar haihuwa don a bambance. Wata mata ’yar Gana mai farin gilashi ta taso ta fizge nata, ta ce min da Turanci wa ya ba ni izinin shelanta shekarunta a gaban mutane.

Shekaru fa! Ni da a wurin aiki nake leƙo da kai ta taga in ce, “Wance matar wane, mai hawan jini, likita na kira,” ta taso tana min godiya. Na koma kujerata na ce wa Malam Nasiru mutanen nan ba su da zumunci. Ya ce ai tun a littafi ya san haka.

Ƙasar Benin da Togo ta taga na gan su. Abin da na riƙe shi ne mata a kan babur suna tuƙi da goyo a baya, da wani dogon burodi mai tauri da na saya a Lome, wanda da an buga wa mutum a ka sai ya kai ƙara. Da la'asar sakaliya muka shiga Accra.

A masauki aka ba kowa kati maimakon makulli, aka kai ni ɗakina ta wata hanya, Malam Nasiru ta wata. Sai da na zauna na tuna cajar wayata tana jakarsa. Na sauko na tambayi yarinyar da ke karɓar baƙi lambar ɗakinsa. Ta yi murmushi ta ce ba za ta iya faɗa ba. Na ce tare muka zo, da idonta ta gan mu. Ta ce ta gani, amma sai dai ta kira shi ta ji ko ya yarda. Na ce ikon Allah! A Rogo ka tsaya wurin mai shayi ka tambayi gidan mutum, kafin shayinka ya huce ka san gidan, ka san gonarsa, ka san abin da ya haɗa shi da ƙaninsa. Ta kira shi, ya yarda, sannan ta rubuta lambar a ’yar takarda ta miƙo min a kife, don kada na bayana ya gani.

Abinci kuwa kwana biyu muna fama. An kawo mana wani dunƙulen masara mai tsami a naɗe cikin ɓawonta, da soyayyen kifi da baƙin yaji. Loma ɗaya na yi na ce wa Malam Nasiru wannan tuwon ya kwana uku. Ashe haka ake son sa. Sai da wani direba ya kai mu zango, unguwar Hausawa, muka sami wata Hajiya mai wake da shinkafa a cikin ganye. Ta ji Hausarmu ta ce, “Kanawa ne? Sannunku da zuwa, kakana ma daga can ya zo da goro,” ta ƙara mana ƙwai. Ranar na ƙoshi.

Taron a wani zaure aka yi, mu kusan talatin daga ƙasashe daban-daban. Mai koyar da mu wata gajeriyar mata ce, Madam Efuwa, mai magana a hankali. Ranar farko ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana tambaya. Ina makullin ɗakin katuna yake kwana? Na ce a saman ƙofa, kowa ya san wurin, don kada a rasa shi. Lambar sirrin kwamfuta fa? Na ce mun rubuta mun manna a jikinta. Wani ɗan Saliyo ya yi dariya har da tari, sai da aka zo kansa ya ce tasu sunan asibitin ce. Madam Efuwa ba ta yi dariya ba, rubutawa kawai take yi.

Rana ta biyu da safe saƙo ya shigo wayoyinmu, wai a danna a ga hotunan taron jiya. Wa zai ƙi ganin hotonsa? Muna zama ta haska bango, sai ga sunayen duk waɗanda suka danna, na Malam Nasiru a sama, nawa na huɗu. Ita ta aiko da saƙon. Ta ce da ɓarawo ne, da yanzu yana cikin wayoyinmu yana karanta duk abin da muka ajiye. Nan take na tuna yawan hotunan rajistar marasa lafiya da na ɗauka da wayar nan saboda ƙyuyar kwafewa. A wurin na goge su. Malam Nasiru ya ce shi da gangan ya danna don ya gwada ta.

Rana ta uku ce ta kashe min jiki. Aka shigo da wani inji kamar ƙaramin kwandon shara. Madam Efuwa ta zura masa takarda, ya yi ƙara, ta fito ta ƙasa a yayyanke kamar taliya. Ta ce duk takardar da ke ɗauke da sunan mutum, in an gama da ita, nan ne makomarta, ko kuwa wuta. Na ga farar takarda mai kyau tana lalacewa, bakina da ba ya shiru ya ce, “Kai, asara! Da a garinmu ne da mai ƙosai ta ji daɗi.”

Ta ce in maimaita. Na miƙe na yi bayani dalla-dalla, har da ɗan alfahari, yadda ba ma ɓarna, yadda muke taimakon mai ƙaramar sana'a.

Ta ce, “Me ke rubuce a takardun?”

Na ce, “Suna, da gari, da lambar waya, da sakamakon gwaji.”

Ta ce, “Da Turancin likitoci, wanda mai sayen ƙosai ba zai gane ba?”

Mu ne da kanmu muka sa aka buga takardun da Hausa don mara lafiya ya iya karanta nasa, har yaba mana aka yi. A saman kowace an rubuta sunan gwajin da manyan baƙaƙe, a ƙasa “akwai” ko “babu”. Kwalin watan da aka yi wa Inna Laraba gwaji ni na ɗaga shi da hannuna na juye a buhu. Na ce, “Innalillahi wa inna ilaihi raji'un,” na zauna.

Ba ta yi min faɗa ba, da ta yi ma da na fi jin sauƙi. Da aka tashi shan shayi ta zo ta zauna kusa da ni. Ta ce dokar ƙasarmu ce, ba ta Gana kaɗai ba: in bayanan mutane suka fita, sai an sanar da hukuma, kuma in abin zai cutar da mai shi, shi ma sai an gaya masa. Na ba ta labarin Inna Laraba ban faɗi suna ba, na ce ina ni ina gaya mata? Ta ce, “Sirrinta ne. Ita ya kamata ta fara sanin ya fita.”

Na ruga ɗaki na kira Binta ta intanet ɗin masauki.

“Binta, don girman Allah bar abin da kike yi, ki je ki karɓo buhun nan wurin Gwaggo Asabe.”

“Wane buhu? Ke lafiya? Ko gaisawa babu?”

“Buhun takardu. Ki je yanzu, zan miki bayani.”

Bayan awa guda ta kira. Gwaggo ta riga ta naɗe ƙosai da kusan rabi. Cikin sauran ta ɗibar wa mai tsiren tasha, ta ɗibar wa ƙanwarta da ke suya ranar kasuwar Rogo. Kasuwar da Inna Laraba ke baje ƙulinta ke nan. Gwaggo har ta yi fushi, ta ce tun da take ba a taɓa yi mata kyauta an dawo an karɓe ba. Binta ta bi su duka ta tattaro abin da ya rage. Na sa ta zauna ta duba ɗaya bayan ɗaya, na ba ta lambar katin ban faɗi suna ba. Ta duba sau biyu. Babu ita.

Sauran kwana biyun an kai mu bakin teku, an ba mu takardar shaida, an ɗauki hoto. Wanda ya ga hoton zai ce rasuwa aka yi min. A hanyar dawowa iyakokin nan uku na bi su kamar akuyar da ake ja. Tsakanin Lome da Kwatano Malam Nasiru ya rage murya ya ce, “Malama Jummai, ki bar maganar nan ta mutu. Mai ya riga ya cinye rubutun. Wa ke karanta takardar ƙosai?”

Na ce, “Ni. Ban taɓa cin ƙosai ban karanta takardarsa ba. Wanda ya faɗi lissafi a makarantar garinmu ma ta nan na san shi.”

Ya juya fuska wajen taga, don rubutun da ke takardun gwajin na hannunsa ne.

Muna isowa na faɗa wa shugaban asibiti komai. Ya riƙe kai, sannan aka rubuta rahoto, aka ƙone ragowar buhun a cikin durom, aka sayo kabad mai makulli, aka jera sunayen waɗanda za a bi a gaya wa. Duk wannan mai sauƙi ne. Washegari da hantsi na hau babur na nufi Zoza.

Na tarar da ita a tsakar gida tana matsar tunkuza, mai yana tsatsowa ta tsakanin yatsunta. Ta yi murna da ganina.

“Lale da mutanen Gana! Sannu da hanya. An dawo lafiya? Ya gajiya?”

“Lafiya lau, Inna. Ya gida, ya jiki?”

“Jiki alhamdulillahi. Ki zauna mana, kin tsaya kamar baƙuwa.”

Na durƙusa a gabanta na faɗa mata. Ban rage komai ba, ban ce mu ba, na ce ni. Na faɗa mata abin da ke rubuce, da inda takardun suka bi, da cewa an nema ba a gani ba. Tana ji hannunta bai daina matsa ba, sai da na ambaci kasuwar Rogo ya tsaya.

Can ta ce, “Kasuwar da ta wuce, matar Alhaji Sule ta wuce ta gabana ba ta saya ba. Kullum tana saya.”

Na ce, “Inna, wataƙila ba ta da buƙata ne ranar.”

“Wataƙila. To ai abin da kika yi min ke nan, Jummai. Yanzu duk wanda ya wuce bai saya ba, sai in ce ya karanta.”

Na fashe da kuka, ni da na zo ba da haƙuri. Ita ba ta yi ba. Ta goge hannu a zaninta, ta ce ta san ba da mugunta na yi ba, kuma ta gode da na zo da ƙafata, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Sannan ta ce in rubuta mata takardar da za ta koma karɓar magani a Ƙaraye.

Na ce, “Inna, Ƙaraye da nisa. Ga wahalar babur, ga jikinki. Yanzu mun gyara, wallahi har kabad mai makulli aka sayo.”

Ta ce, “Allah ya sa albarka a kabad ɗin. Ki dai rubuta min.”

Ranar Litinin ta zo, ba ƙwarya a kanta. Na rubuta takardar a gabanta, likita ya sa hannu, na sa a ambulan na liƙe baki na miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa ta juya ta, ta duba liƙin da kyau, ta soke a cikin zani. Har ta kai ƙofa ta juyo.

“Jummai, wannan ma biyu kika rubuta?”

Na ce, “Biyu ne, Inna. Aiki ne ya ce a ajiye ɗaya.”

Ta dawo ta zauna a kan benci, ta ce to za ta jira ta ga inda zan sa ta.